GANYEN FITA: TSIRON KURMI DA KE RAKO GORO ZUWA KASUWANNINMU

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu goro a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko ya ga an kwance huhu domin rabon goron ɗaurin aure a Utai, Darki, Lajawa ko Indabo, ya san wani faffaɗan ganye mai santsi da ake shimfiɗawa kafin a zuba goro. Wannan ganye shi ne Hausawa ke kira fita. Ana jan wasalin farko wajen faɗarsa, domin a bambanta shi da fita ta barin ɗaki. Da zarar an kwashe goron, yawancinmu mukan watsar da ganyen a juji, ba tare da mun tambayi daga ina ya zo ba, ko kuma dalilin da ya sa fatake suka zaɓe shi a cikin dubban ganyayen da Allah Ya halitta.

Manufar wannan bayani ita ce mu gabatar wa jama'armu na karkara, da masu riƙe da sarautun gargajiya, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, wannan tsiro da ba ya fitowa a gonakinmu amma ya daɗe yana yi mana hidima. Sanin yadda yake aiki zai taimaka mana wajen adana goro da abinci ba tare da mun koma ga guba ko leda ba, abubuwa biyu da a yau suke barazana ga lafiyar mutane da ta dabbobi.

Wane irin tsiro ne fita?

Fita ba itace ba ne, kuma ba ciyawar damina ba ce wadda ke mutuwa idan ruwa ya ɗauke. Tsiro ne mai taushin jiki da ke rayuwa shekara da shekaru a gindin manyan itatuwan kurmi. Asalin ƙarfinsa yana cikin wata saiwa mai kauri da ke tafiya a kwance a ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda saiwar citta take yi. Daga jikin wannan saiwa ne sanduna ke ɓullowa, su miƙe, su buɗe ganye. Idan an yanke ganyen aka bar saiwar, wasu sababbi za su sake tohowa, saboda haka wuri ɗaya yakan yi shekaru ana ɗiba bai ƙare ba.

Sunan fita a bakin Bahaushe ya haɗa tsirrai da dama na dangi ɗaya, waɗanda ganyensu ya yi kama kuma aikinsu ya zo ɗaya. Masana ilmin tsirrai suna kiran wannan dangi Marantaceae, domin tunawa da wani likita kuma masanin tsirrai na ƙasar Italiya mai suna Bartolomeo Maranta, wanda ya rayu a ƙarni na 16. Dangin yana da ire-ire fiye da 500 a duniya. Mafi yawansu suna kurmin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, sauran kuma a Afirka da Asiya. A cikin na Afirka ta Yamma akwai rukunin da ake kira Marantochloa, masu kara mai rassa da ganye matsakaici, akwai Megaphrynium mai ganye ƙato wanda mutanen Kamaru da Kwango ke naɗe tuwon rogo da shi har su yi rufin bukka, akwai kuma Thaumatococcus daniellii wanda Yarabawa ke dafa alala a cikinsa. Wani ɗan'uwansu mai suna Thalia shi ne ya fi jure fili, domin yana fitowa a fadamu da bakin tafkuna har a wajen kurmi. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a farkon zamanin Turawa, ya sanya kalmar fita a cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda aka buga a 1916.

Akwai alama guda da ake gane 'yan wannan dangi da ita. A daidai inda sanda ta haɗu da ganye akwai wata gaɓa mai ɗan kumburi kamar gwiwa. Da wannan gaɓa ne ganyen ke juyawa ya fuskanci ɗan hasken da ke ratsowa ta tsakanin rassan itatuwa, kuma a wasu ire-iren ganyen yakan miƙe tsaye idan dare ya yi. Tsiron da ke zaune a ƙarƙashin inuwa mai duhu dole ne ya tara haske da faɗin ganye, shi ya sa ganyen Thaumatococcus yakan kai kimanin santimita 45 a tsawo da 30 a faɗi, a kan sanda da kan kai mita 2 zuwa 3.

Mutane ƙalilan ne a cikinmu suka san cewa fita yana fure. Furanninsa ƙanana ne, wasu farare, wasu rawaya, wasu kuma ruwan hoda mai sirkin shuɗi, gwargwadon iri. A cikin furen akwai wani siririn tsinke da ke ɗane kamar tarko. Idan ƙudan zuma ya cusa baki domin shan zaƙin furen, sai tarkon ya fyaɗe, ya kwashi garin furen da ƙudan ya ɗauko daga wani wuri, ya kuma manna masa sabo. Ta haka ne tsiron ke samun 'ya'ya. A can kurmin Afirka ta Tsakiya, goggon biri da giwaye suna cin ɓargon karansa da 'ya'yansa.

Me ya sa ba ya fitowa a ƙasarmu?

Manomi zai iya tambaya, tun da muna da kogi da fadama a Wudil, me zai hana mu shuka shi? Amsar tana cikin yanayin da tsiron ya saba da shi. A kurmin kudancin Nijeriya ruwan sama yakan haura milimita 1,500 a shekara, a wasu wuraren ma ya ninka haka, kuma yana sauka a cikin watanni takwas ko fiye. Iska tana ɗauke da laima kusan kullum, rana kuma ba ta dukan ƙasa kai tsaye. A yankin Kano kuwa, ruwan shekara bai cika wuce milimita 700 zuwa 1,000 ba, yawancinsa daga Yuni zuwa Satumba. Daga nan sai hunturu ya shigo da busasshiyar iska, bazara ta biyo baya da zafin da kan haura digiri 40. Ban ruwa yana iya jiƙa saiwa, amma ba zai jiƙa iska ba, kuma faffaɗan ganye irin wannan yana saurin ƙonewa a busasshiyar iska. Don haka ire-iren fita na kurmi sai dai su zo mana a mota, tare da goron da suke lulluɓe da shi.

Aikin da ganyen yake yi wa goro

Kafin mu fahimci darajar fita, sai mun tuna cewa goro abu ne mai rai. Ƙwayar iri ce wadda ke numfashi ko bayan an cire ta daga kwansonta. Idan ta bushe sai ta yanƙwane ta yi tauri, ta rasa ɗanɗano da farashi. Idan kuma ruwa da zafi suka yi mata yawa sai ta yi fumfuna, ta ruɓe, ko ta fara tsira. Hatsi irin su gero da dawa ana shanya su ne a adana, shi kuwa goro ana so ya zauna tsakanin bushewa da jiƙewa har tsawon watanni.

A gonakin kudu, inda babbar kakar goro ke kamawa daga wajen Oktoba zuwa Disamba, akan fasa kwanso a fitar da 'ya'yan, a jiƙa su ko a tara su har farar fatar da ke jikinsu ta yi laushi, a sale ta, a wanke. Daga nan sai a bar goron a kwando na 'yan kwanaki ya yi gumi ya rage ruwa, a tsince mai tabo, sannan a shimfiɗa ganye a zuba a rufe. Ganyen fita ya dace da wannan aiki saboda dalilai da dama. Yana da faɗi, don haka kaɗan ya isa a rufe kaya mai yawa. Yana da ƙwari, ba ya saurin yagewa idan an lanƙwasa shi. Fuskarsa tana da santsi kamar an shafa mata kakin zuma, wanda ke hana laimar goron tserewa da sauri, amma ta tsakanin ganye da ganye iska tana samun hanyar shiga, zafin numfashin goron kuma ya fita. Bugu da ƙari, ba shi da ɗaci ko ƙarfin wari da zai ɓata ɗanɗanon goro. Da irin wannan kulawa ne goron bana ke kaiwa baɗi ya zama daushe, wanda masu ci ke biyan kuɗi mai yawa a kansa.

Fita a tarihin fataucin Kano

Cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da kurmi tsoho ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyin fatauci daga Borno zuwa Gwanja. Gwanja tana arewacin ƙasar Gana ta yau, kuma a ƙarni na 19 kasuwar Salaga ce matattarar da fataken Hausa ke sayen goron da ake kawowa daga kurmin Asante. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan sana'a. Sukan tashi ayari guda a ƙarƙashin madugu, ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata, su dawo da goro a kan jakuna. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa goron da ke shigowa birnin a shekara ya haura kayan jaki 500.

Tafiyar Gwanja tafiya ce ta watanni, a cikin rana da ƙura. A zango-zango sai an sauke kaya, an kwance, an tsince wanda ya lalace, an yayyafa ruwa, an sake ɗaurewa. Ba don ganyen da ke riƙe laima ba, da abin da zai iso Kurmi ta Kano busasshen goro ne da ba mai saye. Dukiyar da gidajen fatake suka tara, wadda daga baya ta shiga cinikin gyaɗa da sauran harkoki, da taimakon wannan ganye aka kawo ta gida.

Al'amura sun sauya bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892. Layin dogo ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyowa ta jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can kuma jirgin ƙasa ya kawo shi Arewa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin fataken Kano da suka fara amfani da wannan hanya ta teku. A daidai wannan lokaci manoman ƙasar Yarabawa, a wurare irin su Agege da Shagamu, suka rungumi shukar irin goron da Hausawa suka fi so. Unguwannin Hausawa da ake kira Sabo a Shagamu da Badun suka bunƙasa a kan sana'o'i biyu, wato tura goro Arewa da karɓar shanu daga Arewa.

Wannan musaya tana nan har gobe, kuma Wudil tana tsakiyarta. Daga karar Wudil, wadda ke cikin manyan kasuwannin shanu na Arewacin Nijeriya, ake lodin shanu zuwa kudu. Goro kuma yana sauka a kasuwar Mariri da ke bakin birnin Kano, a kan wannan hanya ta Maiduguri da ta ratsa garinmu, daga nan 'yan sari su rarraba shi zuwa kasuwannin ƙauye a ƙwarya-ƙwarya, wato ɗari-ɗari.

Ɗan itacen da ya fi sukari zaƙi

Ɗaya daga cikin 'yan wannan dangi ya yi suna a duniya ta wata fuska dabam. Thaumatococcus daniellii, wanda ke fitowa daga Saliyo har zuwa Kwango, yana fitar da furensa ne a gindi, dab da ƙasa. Furen yakan zama wani jan ɗa mai kusurwa uku, a cikinsa akwai baƙaƙen ƙwayoyi, kowace da ɗan farin nama mai laushi a kanta. Wannan ɗan nama yana da zaƙin da ke daɗewa a harshe, har ruwan da aka sha bayansa ya riƙa yin zaƙi. Mutanen kurmi sun daɗe suna amfani da shi wajen kashe tsamin abinci da abin sha. A Saliyo ana kiransa katamfe.

Wani likitan sojan Ingila mai suna W. F. Daniell ya yi rubutu a kansa a 1855, kuma da sunansa aka raɗa wa tsiron suna. A 1972 masu bincike a ƙasar Holan suka ware sinadarin da ke kawo zaƙin, suka kira shi taumatin. Wani nau'in furotin ne, kuma idan aka auna nauyi da nauyi ya fi sukari zaƙi kimanin sau 2,000. A yau masana'antun abinci da na magunguna a Turai da Japan suna amfani da shi wajen gyara ɗanɗano da ɓoye ɗaci, kuma a ƙasashen Tarayyar Turai yana da lambar shaida E957 a jikin kwalayen kaya. Ana tattara 'ya'yan daga ƙasashe irin su Gana da Kwaddibuwa a fitar da su waje.

A cikin gida Nijeriya kuwa, ganye da sandar sun fi 'ya'yan kawo kuɗi. Matan karkara a jihohin Ekiti, Ondo da Osun suna yankar ganyen su kai kasuwa domin masu alala da agidi da shinkafar Ofada. Sandar kuma ana tsaga ta a saƙa tabarma, sana'ar da garin Ogotun na Jihar Ekiti ya shahara da ita. Da yawa suna shuka shi a ƙarƙashin itatuwan koko da goro, inda yake samun inuwar da yake so.

Haɗari na farko: guba a madadin kulawa

Babban abokin gabar mai goro shi ne ƙwaron da ke haddasa abin da muke kira sankara. Ƙwaron yana saka ƙwai a jikin goro tun a gona, tsutsarsa ta ƙyanƙyashe ta riƙa ci daga ciki, ta bar rami da baƙin gari. Idan ba a lura ba, daga 'yan ƙwayoyi kaɗan sai ya bazu a huhu duka. Hanyar da magabata suka bi ita ce yawan dubawa da tsincewa da sauya ganye. Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa wasu, tun daga gonakin kudu har zuwa rumfunan Arewa, suka koma zuba maganin ƙwari a cikin ruwan wanke goro ko a cikin kwando.

Daga cikin magungunan da aka daɗe ana wannan ta'asa da su akwai Gammalin 20, wanda asalinsa na feshin koko ne. Sinadarin da ke cikinsa, mai suna lindan, yana taruwa a jikin mutum kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A 2009 aka sanya shi cikin jerin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta hana amfani da su a aikin gona, a 2015 kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin mai haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Hukumar NAFDAC ta haramta shi a Nijeriya. Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne goro ba a dafa shi, ba a kuma ɓare shi. Yadda aka ɗauko shi daga faifai haka ake kai shi baki, kuma masu cinsa sun haɗa da dattawa da mata masu juna biyu. Wanda ya zuba guba domin ya tsirar da jarinsa daga sankarar goro, yana iya jawo wa mai saye cutar da ta fi ta muni.

Haɗari na biyu: leda

Abu na biyu da ke ture ganye shi ne leda, saboda arha da sauƙin samu. A wajen goro, ledar da aka ɗaure tam tana tsare gumi, goron ya yi zafi ya yi fumfuna. A wajen abinci kuwa, ya zama ruwan dare a ƙulla alala a leda a jefa a tafasasshen ruwa, alhali zafi da mai suna ƙara yawan sinadaran da ke fita daga roba su shiga abinci. Iyayenmu suna da nasu ganyayen naɗi waɗanda ba sai an je kurmi ba. Da ganyen kalgo ake naɗe gauda, da ganyen masara ake naɗe tubani, ga kuma ganyen ayaba a wuraren da ake noman rani.

Illar leda ba ta tsaya a tukunya ba. Ganye idan an yar da shi yakan ruɓe ya zama taki a cikin 'yan makonni, ita kuwa leda tana shekaru a ƙasa. Tana toshe magudanan ruwa, ta jawo ambaliya da sauro da damina. Tana hana ruwa ratsa ƙasar gona idan ta biyo takin juji. Ga garin da arzikinsa ya dogara da dabbobi kamar Wudil, babbar asarar tana cikin tumbin saniya da akuya. Dabba takan haɗiye ledar da ke da ƙanshin abinci ko gishiri, ledar ta dunƙule a tumbi ba ta narkewa, dabbar ta daina ƙiba, ta rame, wani lokaci ta mutu. Mahauta da likitocin dabbobi da ke aiki a mayanka shaidu ne a kan abin da suke cirowa. Saboda irin waɗannan dalilai ne ƙasar Ruwanda ta hana ledar zuba kaya a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas kuma ta hana fararen robobin zuba abinci marasa nauyi da ake yarwa a Janairun 2024.

Shi kansa tsiron fita yana fuskantar matsi a can inda yake. Sarar kurmi domin katako da sababbin gonaki tana kawar da inuwar da yake rayuwa a ciki, maganin feshin ciyawa da ake yi a gonakin koko kuma yana ƙone shi. Idan ganye ya yi wuya a Shagamu ko Ondo, tsadarsa tana bayyana a farashin goro a Mariri da Wudil, kuma tana ƙara tura 'yan kasuwa ga leda.

Shawarwari ga masu goro da magidanta

Muna jawo hankalin masu sayar da goro da masu ajiye shi a gida ga waɗannan matakai:

1. A tsince goro tun ranar da aka saye shi. Duk mai huda, ko tabo, ko rauni, a ware shi, kada ya kwana da lafiyayye.

2. A shimfiɗa ɗanyen ganye mai tsabta a ƙasa da gefe da saman kwando ko buhun algarara. A ajiye a inuwa mai sanyi, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da kananzir, fetur, taki da maganin feshi.

3. Da hunturu da bazara a riƙa yayyafa ruwa a jikin buhun daga waje. Kada a bari ruwa ya kwanta a cikin goron.

4. A kwance a duba bayan kowane mako biyu zuwa uku, a sauya ganyen da ya bushe ko ya yi baƙi. Goron da sankara ta ci a ƙone shi ko a binne shi da zurfi, domin idan an watsar a kusa ƙwaron zai dawo.

5. Kada a zuba kowane irin maganin ƙwari a kan goro. Mai saye kuma ya guji goron da ke warin magani, ya wanke wanda zai ci da ruwa mai tsabta, tare da sanin cewa wanki ba ya fitar da gubar da ta riga ta shiga ciki.

6. Ganyen da aka kwance daga huhu, idan ba a san yadda aka adana goron ba, kada a naɗe abinci da shi, kada kuma a ba dabba. A zuba shi a ramin taki.

7. Masu alala da sauran abincin sayarwa su koma ga ganye ko ƙananan kwanonin ƙarfe da ake wankewa a sake amfani da su.

Abin da ya rataya a wuyan hukumomi da shugabanni

Ma'aikatan duba-gari na ƙananan hukumomi suna da hurumin zagaya rumfunan goro da na masu maganin ƙwari a ranakun kasuwa, su kuma kai rahoton duk haramtaccen magani ga hukumar NAFDAC. Malaman gona na hukumar KNARDA da ma'aikatan kula da lafiyar dabbobi za su iya sanya wannan batu a cikin tarurrukan da suke yi da manoma da makiyaya. Shugabannin kasuwa da sarakunan sana'a su ne suka fi kowa sanin wanda ke kawo kaya mai kyau da wanda ke ha'inci, kuma maganarsu tana da nauyi wajen abokan cinikinsu na kudu. Idan 'yan sarin Arewa suka haɗa baki suka ƙi karɓar goron da aka yi wa magani, masu kawowa za su daina. Dagatai da masu unguwanni da limamai kuma, waɗanda kusan babu ɗaurin aure ko suna da ake yi ba su, suna da damar faɗakar da jama'a a wurin da goron yake hannun kowa.

Akwai kuma aikin masana. Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Badun, wadda aka kafa a 1964, ita ce aka ɗora wa alhakin binciken goro a ƙasar nan. A nan gida muna da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, aka kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022. Zai yi amfani ƙwarai idan malamai da ɗaliban aikin gona suka gwada ganyayen da muke da su a nan, kamar na ayaba da kalgo, suka auna kwana nawa kowanne ke riƙe goro da abinci a yanayinmu, sannan suka bayyana wa jama'a sakamakon da Hausa.

Kammalawa

Fita tsiro ne da yawancinmu ba za mu taɓa ganin furensa ba, amma ganyensa ya shiga kusan kowane gida a ƙasar Kano tun zamanin fataken Gwanja. Dabarar da ke cikin huhun goro, wato riƙe laima da barin iska ta ratsa tare da yawan dubawa, ta isa ta adana goro watanni ba tare da ɗigon magani ba. Muna kira ga 'yan kasuwa da magidanta da ma'aikatan hukuma da su riƙe wannan dabara, su koya wa na baya, su kuma rage ledar da ke ƙarewa a magudananmu da tumbin dabbobinmu. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sanya albarka a kasuwanninmu da gonakinmu, amin.